Zagaye Biyu Bayan Haihuwa

Wata goma sha ɗaya da haihuwar 'yata na koma filin wasa. Kafin in yi ciki ina gudun mita ɗari takwas, wato zagaye biyu na fili, kuma ba kasafai ake barina a baya ba. Kocinmu, dattijon da ya horar da ni shekara huɗu, ya ce in yi zagaye biyun ya gani. A na biyu ƙafafuna suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Na ƙarasa ina haki, na zube a kan ciyawa.

Ya dubi agogonsa, ya dube ni. "Madam, sauri ya tafi. Ki riƙa zuwa kina riƙe mana agogo."

Na ce, "Oga koci, ban zo riƙe agogo ba."

"Ba ni na faɗa ba, jiki ne."

"To ai jikina ne. Ka bar ni da shi."

Bai mayar da ni cikin 'yan gasa ba, ni kuma ban roƙe shi ba. A Mararaba muke zaune, kuma bayan layinmu akwai wata hanya mai hawa da ta bi ta gefen masu buga bulo. Na auna ta da taku, kusan mita ɗari biyu. Kullum da safe kafin in bi motar ofis, sai in haye ta da gudu sau takwas, in sauko da tafiya. 'Yan acaba suna ihu, "Madam, wa ya biyo ki?" Ko kallonsu ba na yi. A sati na uku gwiwata ta kumbura. Mijina ya ce in huta. Na rage zuwa sau huɗu, amma ban daina ba.

Ranar Asabar nakan je fili ni kaɗai, in yi zagaye ɗaya da ƙarfi, in huta minti biyu, in sake, har sau shida. A nan na gane laifina: haushi ke sa ni fita da zafi tun farko, ƙarfina ya ƙare kafin kwanar ƙarshe. Koyon riƙe kaina ya fi hawan tudun wuya.

Bayan wata biyar aka yi gwajin zaɓen 'yan gasa, kowa na iya shiga. Mu takwas ne. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe ina ta shida, ban ruɗe ba. A kwana na buɗe ƙafa, na wuce mutum uku, ƙirjina kamar zai tsage. Na zo ta uku.

Koci ya tako inda nake, bai yi murmushi ba. "Ki zo horo Litinin, ƙarfe shida."

Sai da numfashina ya dawo na amsa. "Litinin ba zan samu ba. Talata."

Na cire takalmin gudu, na ga babban yatsana ya fashe. A silifa na taka zuwa bakin titi, ina ɗingishi.