Giya Ta Uku Da Ban Sa Ba

Shekaru huɗu da suka wuce ni direban a-kori-kura ne mai shan dizal, ina zaune a wani ƙauye yamma da Ɗambatta. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo da na yi a zauren mahaifinmu, don haka masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Na kusa shekara ashirin ina jan motar nan. Da rani in ɗebo taki daga bololin shara na unguwar Bacirawa a birni in kai wa manoma, da kaka in kwashi gero da gyaɗa zuwa kasuwa, wani lokaci a kira ni Bagwai ɗaukar albasa. A garinmu an san ni da yawan fargaba. Nakan duba mai da ruwan mota, in rufe, in yi tafiya kaɗan in dawo in sake buɗewa don zuciyata ba ta yarda na duba da kyau ba. Ko alwala nakan maimaita. Ban taɓa ɗora wa mota buhu ɗaya fiye da ƙima ba, kuma a duk tsawon shekarun nan ko akuya ban taɓa bugewa ba. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da ya same ni ba ganganci ya jawo shi ba. Tsantseni ne, amma wanda na ajiye a inda ba wurinsa ba.

Ubangidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, yana da doka guda da ya fi nanatawa. Yakan ce direban kirki ba a jin kukan injinsa, wanda duk ya sa mota ihu to azzalumi ne, kamar mai dukan jaki da kaya a bayansa. Ya koya mini in shiga babbar giya da wuri in zauna a cikinta. Motar dizal kuwa haka take so. Ko da buhu ashirin a bayanta, kana giya ta huɗu kana tafiya a hankali, da ka ɗan taɓa totur za ka ji ta yunƙura daga ƙasa kamar bijimin huɗa, ba hayaniya, sai wani gurnani mai nauyi. Ƙafata da kunnena suka saba da wannan har ya zama ba na tunani a kansa. In na hango babbar mota a gabana, idona kaɗai ke auna tazara, in fita, in taka, in wuce.

Da dizal ya yi tsadar da aikin ya daina ciyar da gida, ga motar ta tsufa, sai na sayar da ita na sayi wata ƙaramar mota mai shan fetur, mai ƙaramin inji, da niyyar ɗaukar fasinja ranakun kasuwa. Ranar farko ta ruɗe ni. Daga tsaye, ba kowa a ciki, da na saki kuloci sai ta yi zumbur kamar ɗan akuya, har na ji tsoro na ce wannan ta fi ƙarfina. Amma da na fara ɗaukar mutane sai na ga wani abu dabam. In na hau kwalta na sa ta huɗu ko ta biyar kamar yadda na saba, na taka totur, sai ta yi shiru, ta riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan kamar mai jin barci. Tsohuwar motata tana da nauyin tashi amma tana da ƙarfin ja, wannan kuwa tana da saurin tashi, ƙarfin jan ne na nema na rasa. Na kai ta wurin makanikai biyu. Aka wanke fulogi, aka canja matatar mai, kowannensu ya ce lafiyarta ƙalau. Ban yarda ba, na zauna da zargin an sayar mini da mota mai ciwo a ɓoye.

Mutum ɗaya ne ya gaya mini gaskiya, shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ya daɗe yana jan ƙananan motoci daga tashar Bacirawa. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san ba a magana ta hankali a tsakaninmu. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma in ce da shi ragon maza. Wata rana ya shiga motata zuwa wani suna, muna tafe ya fara dariya har yana riƙe ciki. Ya ce wai an ba tsoho amarya yana yi mata tafiyar uwargida. Ya ce wannan ba jakin takina ba ce, ƙarfinta a sama yake, sai an mayar da ita giya ta uku an taka ta har ta yi ihu sannan take nuna halinta. Ya ce in ina son wuce babbar mota in sauko giya tun kafin in fita, in bar ta ta yi ta kuka, ba abin da zai same ta. Na ce masa ya yi min shiru, shi da ya kashe motoci uku ba zai koya mini tattalin inji ba. Ya ce to bawa ya ji da kansa, ubangida ya fita hakkinsa. Mutanen da ke baya suna ta dariya, har wata tsohuwa tana cewa a ƙara masa, ni ma na yi dariyar. Na ɗauki maganar na zuba a kwandon da nake zuba duk maganganunsa. Ban taɓa tsammanin a bakin taubashi nasiha za ta fito ba.

Gaskiya sau ɗaya na gwada, ni kaɗai a hanyar gona. Na sa ta uku na taka, injin ya ɗaga murya, sai na ji kamar wani abu zai tsinke a cikinsa, na tuna marigayi ubangidana. Nan take na ɗaga ƙafa na koma ta huɗu, har da neman gafara a raina kamar na zalunci wata dabba.

Abin ya faru ne ranar wata kasuwar Ɗambatta, da hantsi, kwana biyu bayan ruwan shuka. Ina ɗauke da mutum biyar da kayansu. Hanyarmu siririyar kwalta ce, mota biyu da ƙyar suke giftawa. Na tarar da wata doguwar babbar mota cike da buhunan takin zamani tana tafiyar hawainiya, na bi bayanta na ɗan lokaci. Da hanya ta miƙe na leƙa, sai na hango mai babur can nesa yana tahowa da buhu biyu a bayansa. Idona ya auna tazarar kamar yadda ya saba, ya ce mini akwai wuri har da saura. Da tsohuwar motata ce, da na wuce na koma hannuna kafin ma in gane kalar rigarsa. Na yi bisimilla na fita, ina giya ta huɗu, na taka totur.

Ba ta amsa ba. Na ƙara takawa har ƙafata ta taɓa ƙasa, motar tana ta rarrafe a gefen babbar motar, taya ɗaya bayan ɗaya. Na kai tsakiyarta, mai babur ya matso har ina ganin hularsa. Na duba madubi don in ja baya in koma, sai na ga wata bas ta riga ta cike gurbin da na bari. Dama babbar mota, hagu gangare, baya a rufe. Hannuna yana kan giya. Wallahi a wannan lokacin na ji muryar taubashina a kunnena yana cewa ta uku, ta uku, amma hannun ya ƙi motsi. Abin da ya saba shekara ashirin ya fi ƙarfin abin da aka gaya masa rana ɗaya cikin wasa. Na ci gaba da danna totur ɗin da ya riga ya ƙare, ina salati, mutanen mota suna salati. Ban taɓa jin rashin dabara irin na wannan ɗan lokaci ba. Ina zaune da sitiyari a hannuna, amma kamar wanda aka ɗaure aka ce ya kalla.

Mai babur ne ya cece mu. Ya kauce ya sauka daga kwalta, kuma daidai wurin akwai kwalbati. Na ji ƙarar faɗuwarsa ta gefen tagata. Da na samu na tsaya na dawo da gudu, na tarar da shi kwance a ramin, babur a kan ƙafarsa, buhun iri ya fashe gero ya watse cikin laka. Magidanci ne da bai wuce shekara arba'in ba, daga wani ƙauye kusa da namu. Abin da ya fara tambaya shi ne ko irin ya zube duka.

Na kai shi asibiti aka duba aka ce cinya ce ta karye. Daga baya danginsa suka mayar da shi gida wurin mai ɗori. Gona ɗaya gare shi, 'ya'yansa ƙanana ne, ga damina ta sauka. Na tara 'yan uwana muka yi masa shuka, muka yi noman fari da maimai, na riƙa zuwa duk bayan kwana biyu. Duk da haka ƙafar da ta warke ta gajarce, har yau yana ɗingishi, kuma ba ya iya yini a duƙe da fartanya kamar da.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya zarge ni. Fasinjojina sun shaida ba gudu nake yi ba. Mutanen garinsu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na zauna a gabansa na gaya masa laifina ne, an faɗa mini yadda zan yi na ƙi ji. Ya dube ni ya tambaya ko na nufe shi ne da motar. Na ce a'a. Ya ce to Malam direba ya bar wahalar da kansa, abin da Allah ya rubuta a cinyarsa ko a kan gado yake sai ya same shi, ya yafe duniya da lahira. Na je wurin limaminmu, ya ce kuskure ne ba ganganci ba, na kuma yi abin da ya kamata, in yawaita istigfari in saki raina. Na ji, na gode, amma raina bai saku ba. Na ajiye motar kusan wata biyu, na rame, abinci ba ya shiga.

Taubashina ne ya zo ya fito da ni. Ranar bai kira ni bawansa ba, ya gaishe ni da Yaya, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Ya ce in shiga mu je. Ya ɗebi mutum huɗu 'yan gari don motar ta yi nauyi irin na ranar, ya ja mu zuwa wannan hanyar. Muka sami wata babbar mota a gaba, hanya fayau ba kowa. Ya ce in kalli hannunsa. Ya sauko ta uku, ya taka, injin ya yi ihu, motar ta zabura, kafin in gama jan numfashi biyu mun wuce mun koma hannunmu. Babu abin da ya tsinke. Ya tsaya a gefe ya kashe mota. Nan na kifa kaina na yi kuka a gaban mutane, don na gane ƙarfin da na yi ta roƙo a ranar nan yana nan tun farko a ƙarƙashin tafin hannuna, tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba. Na yi ta tausayin ƙarfe, ɗan Adam ya biya da ƙafarsa.

Na koma tuƙi don ba ni da wata sana'a. Na koyi motar daga farko kamar sabon shiga, amma har yanzu in injin ya ɗaga murya sai tsikar jikina ta tashi. Taubashina kuwa tun daga ranar bai sake yi mini wasa ba, ko na tsokane shi sai ya yi murmushi kawai, kuma ina kewar zaginsa fiye da yadda zan iya faɗa.

Abin da nake so 'yan uwana direbobi su ɗauka shi ne, duk wanda ya sauka daga motar dizal ya hau ƙaramar ta fetur, to ya sani idonsa da ƙafarsa suna nan a tsohuwar motar. Tazarar da ta ishe ka jiya ba za ta ishe ka yau ba. Ka fita da ita wurin da ba kowa, da kaya da babu kaya, ka gwada kowace giya har ka san inda ƙarfinta yake kafin ka ɗauki ran mutane ka fita gefen babbar mota. In kana shakka, zauna a baya, kasuwa ba za ta tashi ba. Kuma kada ka raina magana don ta fito daga bakin abokin wasa. Ga masu hali irin nawa, masu duba mai sau biyu, ina cewa yawan fargaba ba shi ne sani ba. Na tsare kowace ƙofa, ɓarnar ta shigo ta wadda nake ganin na fi kowa sani.

Mai babur ɗin nan yanzu ni nake kai shi kasuwa duk mako, a kujerar gaba, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk lokacin da muka tarar da babbar mota a hanya, nakan ga idonsa ya sauka a kan hannuna da ke kan giya, ba ya ɗaukewa sai ya ga na sa ta uku.