Kayen da Kaka ta jiƙa

A shekarata ta biyu a makarantar likitan dabbobi, can ƙasar waje a bakin teku, na faɗi jarrabawar ƙasusuwa. Abin da ake yi shi ne a miƙo maka ƙashin saniya ko na doki, ka faɗi sunansa da sunan kowane tudu da rami da ke jikinsa, cikin wani harshe da masu shi suka mutu tuntuni. Ni da aka haifa cikin shanu, na tsaya ina juya ƙashi kamar mai neman ɓargo. Aka ce in sake bayan bakansi, wato dogon hutu. In na ƙara faɗuwa, kora ce, kuma bursu, kuɗin tallafin karatuna, ta tafi ke nan.

Na dawo Gure da damina, ban gaya wa kowa ba. Babana yana wajen Alakos da garke, saboda haka na sauka gidan kakata, wadda ta haifi babana. Dukiyata a lokacin kaye ɗaya ne, littafin rubutu mai kauri, wanda na cika da hannuna da alƙalamin tawada shuɗiya, har da zanen kowane ƙashi.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na mai da sunayen waƙa. Na karanta ina tafiya, daga zaure zuwa randa, daga randa zuwa zaure. Na sha shayi har barci ya gudu. Na karanta wa tunkiyar Kaka, ta saurara da ladabi sannan ta ci gefen shafi ɗaya. Kullum da safe sai in tarar da kaina wayam, kamar an share.

Ran nan Kaka ta same ni a inuwar bishiyar bedi, na kifa kayen a fuska, ina hawaye. Ƙato da ni.

"Kai, maigida, wa ya mutu?" Haka take kirana, wasan jika da kaka.

Na gaya mata komai. Ta saurara, ta ɗauki kayen, ta auna nauyinsa a tafin hannu.

"Duk wannan ne ya ƙi shiga?"

"Duk, Kaka."

"To, ai ta ido kake ta tura shi. Ƙofar ta yi kaɗan."

Ban kula da maganar ba. Washegari na tafi sallar Juma'a, na bar kayen kan tabarma. Da na dawo na tarar da ita zaune da babbar ƙwarya tsakanin ƙafafu, hannunta shuɗi har gwiwa. Ta ɓalle shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta wanke kowanne tas kamar yadda ake wanke allo, ta shanya fararen takardun kan dangar kara. Aikin shekara guda ke nan yana lilo cikin ruwa.

Na tsaya a kanta ina kallon ƙwaryar. Ba a yi wa kaka tsawa, kuma fuskarta cike take da murnar wadda ta gama babban aiki.

"Na tace maka, na sa zuma kaɗan. Yi bisimilla."

"Kaka, wannan ba rubutun malam ba ne. Ƙashin jaki ne da na doki."

"Ba ilimi ba ne?"

"Ilimi ne."

"To, sha."

Ina so in ce na ƙi, amma ƙarya ce. Ni ɗalibin kimiyya, wanda ya san abin da tawada ke yi wa hanji, na duba hagu na duba dama, na kafa kai. Saura kwana ashirin a yi jarrabawa, kaye ya tafi, ga kuma tsoro. Wanda ke cikin wannan hali, ko ruwan wanki aka ba shi zai tambayi sau nawa ake sha. Na kai rabi, cikina ya ce ya isa. Kwana biyu harshena shuɗi, ina zirga-zirga zuwa bayan gida, Kaka tana cewa ilimin yana neman wurin zama ne.

Da na samu kaina, sai na rasa abin karantawa. Dole na nufi kasuwa wajen mahauta. Wani tsohon mahauci, abokin babana, ya yi dariya har ya ajiye wuƙa, sannan ya ba ni wuri kusa da tebur. Kowace safiya yana fiɗa, yana jefo mini ƙashi, yana cewa, "Likita, wannan fa?" In na tuna sunan in faɗa. In na manta, sai ya sa in rufe ido in shafa, in gaya masa daga wace gaɓa ya fito, hagu ko dama. Shi bai taɓa kuskure ba. Ya ce sunayen nawa duk sun fi ƙasusuwan tsawo.

Na koma makaranta, na ari kayen wani abokina na kwana uku, na shiga jarrabawa. Farfesan ya miƙo ƙashin ƙafar gaba na saniya. Yatsuna suka gane shi kafin kaina. Wasu sunayen suka zo, wasu suka tsaya a Gure. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta goma bisa ashirin. Ko ɗigo ɗaya ya ragu, da na ɗaure kayana.

Na buga wa kawuna waya, ya kai wa Kaka. Na ce mata na ci.

"Nawa suka ba ka?"

"Goma cikin ashirin, Kaka."

"Rabi ke nan?"

"Rabi."

"Ai rabin ƙwaryar ka sha, maigida. Na gaya maka ka shanye." Na ji tana jan hanci, kuma na san kuka take yi. "Kar ka damu, sauran yana nan cikin kwalba, na toshe da tsumma. Baɗi ka zo da wuri."