Moton Kawu da muka baro a Shango

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Wushishi, ni da direba da wani abokina. A bayan a-kori-kura kuwa mun ɗaure moton lantarkin da ke juya injin casar shinkafar Kawuna. Ya ƙone ne ana dab da girbi, kuma da injin nan kaɗai Kawu yake ciyar da gidansa. Shango za mu kai shi, wurin mai naɗi, a naɗa masa sabuwar waya.

Kafin tafiyar, Kawu ya yi wata dabara. Ya kwance moton, ya binne gangar jikinsa cikin wutar buntun shinkafa har tsohuwar wayar ciki ta saki, ya zare ta tas ya goge. Wai don ya rage wa mai naɗi wahala. Yana ta murna, mu ma muna taya shi.

Hanyar Zungeru ba ta canza hali ba. Duk ramin da muka faɗa sai na waiwaya na duba moton, abokina na yi mini tsiya wai ko mara lafiya muka ɗauko. A Maikunkele muka karya da soyayyiyar doya da yaji. Doyar ta yi tsada, amma ba a ha'ince mu ba. Daga Bosso sai 'yan keke da ɗalibai suka cika titi, muka dinga rarrafe har Shango.

Mai naɗin wani dattijo ne Bagwari, shagonsa cike da ƙaurin fenti da wayar jan ƙarfe. Ya leƙa cikin moton, ya shafa ƙarfen da ya koma shuɗi-shuɗi, sannan ya dube ni.

"Malam, wa ya sa masa wuta?"

Na gaya masa. Ya nuna mini cewa ƙarfen ciki falle-falle ne, kowane falle da ɗan shafen da ke raba shi da na kusa. Zafin buntu ya cinye shafen. Tsohuwar wayar da zai duba ya san kauri da yawan zagayen naɗi ma babu ita.

"In ka ce in naɗa, zan naɗa, zai juya," in ji shi. "Amma wuta zai dinga sha, rabi aiki rabi zafi. Mitan lantarki ba zai raga maku ba, kuma ba zai kai ƙarshen kaka ba. Da kun kawo shi da ƙunarsa, da ya tashi."

Nan muka bar moton cikin tarin ƙarafa, don ko ɗaukarsa ban iya ba.

Da la'asar muka iso gida. Darasin tafiyar dai shi ne, moto in ya ƙone a kai wa mai gyara yadda yake, kuma juyawa kaɗai ba ita ce lafiyarsa ba. Amma darasin ya zo mana a makare.

Kawu na zaune a bakin injin, manoma sun fara jibge buhuna. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya dubi buhunan, ya dubi tafin hannunsa.

"Ashe ni na ƙarasa shi," ya ce. Sannan ya miƙe ya je yana ba mutane haƙuri su kwashe shinkafarsu.