Ranar da Baba Ya Taka Iyakar Gona

Gonarmu tana Araba, kuma ba ta da takarda. Iyakarta a cikin kan Baba take, sai layin gamba da kakanmu ya dasa, wanda gobara ta ci rabinsa tun ina budurwa. Tsohon da gonarsa ke jikin tamu ya riga ya rasu, 'ya'yansa ke nomawa. Wanda ya san inda tamu ta tsaya, saura Baba kaɗai.

A wurinmu ba a ba da iyaka a zaune. Uba ne zai ɗauki ɗansa su taka ta da ƙafa, ya nuna masa itace, ya nuna masa suri, ɗan ya maimaita. Da ƙafafun Baba suka fara ƙi, sai ya ce zai taka da autanmu in ya zo hutu daga kwaleji a Sakkwato. Na ce a je da ni. Baba ya yi dariya, ya ce in zauna in ji da shagon atamfata a Illela, yaro mai karatu da sabon kai me za a gaya masa ya manta. Na ji haushi.

Da can Baba yana da gaskiya. Wannan yaron yakan zauna ya ji labarin fataucin Baba zuwa Ƙonni tun daga farko har ƙarshe, washegari ya mayar maka da shi tas. Amma tun da ya shiga kwaleji ya dawo mana wani mutum daban, mai babban yatsa da ba ya hutawa. Kana magana yana "eh, eh", ido na kan waya. Shayi ya huce a gabansa. In ya buɗe littafi, layi biyu ne waya ta yi haske, shi ke nan an tafi. Da bakinsa ya gaya mini duk ajinsu haka suke, malami na bayani su suna ƙarƙashin tebur, kuma yana faɗa yana dariya.

Da safen da za su tafi, ni na kira musu mai kabu-kabu. Na ja auta gefe a ƙofar gida.

"Ba ni wayar ga in aje maka."

"Haba Yaya, ai da ita zan ɗauki komi. Ko na mance, yana ciki."

Na sake shi. Sun dawo bayan azahar, Baba ko takalmi bai iya cirewa da kansa ba, kuma daga wannan tafiyar bai sake zuwa gona ba. Na tambayi auta, ya ce ya riƙe, kuma ya ɗauka. Hankalina ya kwanta.

Baba ya rasu bayan kaka. Da lokacin sharar gona ya zo, 'ya'yan maƙwabcin suka aiko cikin mutunci. Ba mutanen banza ba ne. Sun ce su dai sun ji iyaka a wata aduwa take, amma tun da an taka da ɗan gidanmu, ya zo ya nuna, za su yarda. Muka je, dattawan gari suna tsaye.

Aduwa biyu ce a wurin. Tsakaninsu wani kwari ne mai riƙe ruwa, inda dawar Baba ta fi yin kyau. Auta ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya ce yana jin an yi maganar suri. Wani dattijo ya nuna masa suri har uku, ya ce wanne. Ya sosa ƙeya. Na ce ya fito da waya, sai na ga yana ja da baya.

A gindin aduwar ya gaya mini, murya ƙasa-ƙasa. Ya fara ɗauka, saƙonni suka yi ta shigowa, ya tsaya amsawa yana bin Baba a baya. Ɗan abin da ya ɗauka kuma ya goge da wayar ta cika. Guntun bidiyo ɗaya ya rage, wanda ya ɗora wa abokansa.

Na karɓa na kalla. Fuskarsa ce ta cika wayar, yana gyara hula, yana murmushi, waƙa na tashi. Can bayan kafaɗarsa ga Baba, ya ɗaga sanda yana nuni, bakinsa na motsi.

"Cire waƙar in ji mi ya ce."

"Ba ta ciruwa, Yaya."

Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba. Da maƙwabci ne ya cuce mu, da na san da wa zan yi faɗa. Tsoho ya kwashi ƙafafun da ba su da sauran ƙarfi ya kai maka abin da ya gada, kana bayansa kana neman wanda zai yabi hularka.

Dattawa suka raba kwarin biyu, muka karɓa, don ba mu da shaida. Auta ya ba ni haƙuri, har ya yi hawaye, amma kafin mu iso Illela hannunsa ya koma aljihu.

Na sa ya turo mini guntun. Ina kallonsa a shago in babu ciniki, in kashe sauti, in zuba wa bakin Baba ido. Sandar tana nuna wani wuri da bai shiga hoton ba.