Dutse a Mangala

A Wagini, in aka ɗora wa jaki mangala ta rinjaya gefe guda, ba a sauke kaya. Dutse ake nema a jefa a ɓangaren da ya fi sauƙi, a kama hanya. Da wannan na tashi, kuma shi ya cuce ni a kemistiri.

Karo na biyu ke nan zan zauna jarrabawar fita sakandare a Batsari. Kwalejin kiwon lafiya nake so, kemistiri kaɗai ya hana ni. Baba ya ce wannan ne na ƙarshe, in na sake faɗuwa gona tana jirana.

Malaminmu, wani siriri mutumin Safana, yakan rubuta haidirojin da oksijin a hagu, ya ja kibiya, ya rubuta ruwa a dama. Sai ya ce a ƙirga atam. Oksijin biyu a hagu, ɗaya a dama. To, meye abin wahala? Sai in ƙara oksijin guda shi kaɗai a dama, in aje biro.

"Kai, wa ya ba ka wannan?" in ji shi.

"Malam, ai ya daidaita."

"Daga ina ka samo shi? Ka tsinto a hanya?"

Ya kawo wake a matsayin haidirojin da masara a matsayin oksijin, ya ƙulla wake biyu da masara ɗaya a leda. Ya ce ruwa ke nan, ba a kwance ƙulli, ba a jefa tsintacce, ƙulli sukutum ake ƙarawa. Na ƙara ƙulli, masara ta daidaita, wake kuma ya zama huɗu a dama, biyu a hagu. Wallahi raina ya ɓaci. Wane irin aiki ne ka gyara nan, can ya lalace? Sai da na koma hagu na ninka waken, sannan ya ɗaga kai.

Na iya fa. A aji, a natse, ina yi. Amma ranar jarrabawa da aka ce saura minti goma, hannuna ya koma abin da ya saba. Lissafi uku na cike da tsintacce. Tun kafin in fita ƙofa na san abin da na yi.

Sakamako ya fito bayan an cire wake a gona, na sake faɗuwa. Baba bai yi faɗa ba. Washegari muna ɗora wa jaki buhu, mangala ta karkata. Ya dube ni ya ce, "Miƙo dutse." Na duƙa na ɗauko.