Malam Garbai da Sunan da Bai Taɓa Kira Ba

Kafin rana ta yi zafi Malam Garbai ya riga ya dawo daga kwari. Can garkarsa take, a gindin tudun rairayi, ƴan kunyoyin albasa da rogo, da dabino huɗu waɗanda shekara da shekaru yake cewa saura kaɗan su fara abin kirki. Yana isowa gida sai ya wanke ƙafa, ya sauya riga, ya ɗora hular da ba ta zuwa garka, sannan ya fara fito da kayan aikinsa na biyu: tebur guda, kujeru uku a bayansa, ɗaya a gabansa. Akwai kuma wani tsohon ƙyauren kwano da ya kafa tsakanin itace biyu a ƙarƙashin bishiyar bedin da ke ƙofar gida. Ƙyauren nan ba ya tsare kowa, akuya ma zagaye shi take yi. Amma duk wanda ya zo da takardar gama jami'a a hannu, sai ya tsaya bayansa, ya jira a kira sunansa, ya ƙwanƙwasa, sannan ya shigo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka a Gure, ba wanda ya sa shi, ba a kuma taɓa ambatonsa a rediyo ba. Wannan watan ya ce gwiwa ta ƙi, zai miƙa teburin. Shi ya sa gara a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa, ko da zai ɓata rai.

Malam Garbai bai wuce aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ba. Faransancinsa a tsaye ya koye shi, shekara ashirin da shida yana ɗan aike a wani babban kamfani a Damagaram. Duk shekarar da za a ɗauki sababbin ma'aikata cikin waɗanda suka gama karatu, hanyar ɗaya ce. A kawo dosiye, wato takardun shaida, a tace. A yi jarrabawar rubutu, a sake tacewa. Wanda ya tsira a kira shi ganawa da manya uku, minti goma sha biyar. Shi ke riƙe da jerin sunaye a bakin ƙofa, shi ke kira, shi ke shiga da shayi. Mai shiga da shayi kuwa ba wanda ke rage murya saboda shi.

A nan ya ga abin da ya hana shi sukuni. Yaro ya fito daga Gure ko Gamu, ya ci jarrabawar rubutu da maki mai kyau, sai ya zo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ya shiga ya rusuna, ya gai da kowa da gajiya da iyali, minti uku sun tafi. A ce ya zauna, ya ɗosana a bakin kujera, ido a ƙasa. A tambaye shi abin da ya taɓa yi da hannunsa, ya ce ai ƙoƙarin malamai ne, Allah ne ya taimaka. Yana fita sai manyan su dubi juna, ɗaya ya ce, "Wannan bai yarda da kansa ba." A ja layi a kan sunansa. Tarbiyyar da uwarsa ta sha wahalar ba shi ita ta kayar da shi, shi kuwa ya koma gida yana cewa aikin na masu uwa a gindin murhu ne.

"Ba mugunta ba ce," in ji Malam Garbai. "Su ba su san mu ba, mu ba mu san su ba. Ni kaɗai ne a tsakiya, da faranti a hannu."

Da ya aje aiki ya dawo gida, sai ya nemo amininsa na ƙuruciya, Mushe Burahima, tsohon malamin lakwal mai Faransanci mai kauri da fuskar da ba ta san dariya ba, ya ɗora shi a kujerar tsakiya ya zama darakta. Sauran kujerun biyu, duk dattijon da tsautsayi ya biyo da shi ta layin shi ke cika su. Ummul Kulsum, wadda yanzu ke aikin gwajin ruwa a wani kamfani a Yamai, tana ba da labarin yadda Malam Garbai ya mayar da ita bayan ƙyaure sau tara a wuni ɗaya, har ta yi hawaye.

"Ɗiyata, ba kallon raini nake nema ba," ya ce mata. "Kalli daraktan kamar yadda kike kallon mai auna miki gero a kasuwa. Kunyar nan kuma ba yar da ita za ki yi ba. Aje ta wurina a bakin ƙofa, minti goma sha biyar, in kin fito ki ɗauki abarki."

Kai ne, Malam Garbai, ka koya wa ƴaƴanmu su ce "ni na yi" ba tare da sun zama marasa kunya ba. Kai ne ka san cewa wanda ya iya jan raƙumi daga Alakoss zuwa Gure ba jin tsoro ya hana shi ɗaga ido ba. Ba ka da tambarin ofis, ba ka taɓa ɗaukar kowa aiki ba, amma sun haura arba'in waɗanda suka bi ta ƙyaurenka suka shiga ƙofar gaskiya. Mabuɗin ƴaƴan talakawa, wanda bai taɓa ajiye lissafin godiya ba.

Sai dai akwai mutum ɗaya da bai taɓa tsayawa bayan ƙyauren nan ba, kuma a gidan yake kwana.

Hamidu ɗan farin Malam Garbai ne. Kamar yadda aka saba, ana yaye shi aka kai shi Gamu wurin kakarsa, uwar Malam Garbai, can ya girma. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In zai ambace shi sai ya ce "ɗan Gamu", in akwai saƙo sai ya bi ta bakin Biba, ƙanwar Hamidu da ke aure a unguwar. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Kunyar ɗan fari ce, kuma Malam Garbai na cikin masu riƙe ta da hannu biyu.

Hamidu ya karanta aikin lantarki, ya dawo da sakamako mai kyau. Sau biyu ana kiran sa ganawa, sau biyu yana dawowa ya shige ɗaki. Shekara biyar yana gyaran fanka da fitilun rana a kasuwa. Da ya ji an fara fito da kujeru sai ya fice ta ƙofar baya. Uban kuwa ya san abin da ya faru a ɗakunan nan kamar yana ciki da farantinsa, abin yana cin sa, ya kasa cewa komai. Iyakarsa ya ce, "Biba, ki gaya wa ɗan Gamu kada ya tuɓe takalmi." Amma kallon ido ba a aika shi da saƙo.

Bara kira na uku ya zo, daga wani babban kamfani da ke neman masu aikin lantarki. Sanarwar ta ce ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara talatin. Saura wa Hamidu wata huɗu. In wannan ta kuɓuce, ya gama da ƙofar kamfani.

Mushe Burahima ya gwada shi a gidansa har sau biyu, sannan ya je ya iske amininsa a garka yana ban ruwa.

"Malam Garbai, yaron nan yana da abin faɗa, amma ni na koya masa baƙi, a gabana ba tsoro yake ji ba. Duk duniya mutum ɗaya ne ba ya iya kallo. In ya kalle ka ya yi magana, ba daraktan da zai firgita shi."

"Mushe, ka san ba a yin haka."

"Na sani. Ƴaƴan mutane kana ce musu su aje kunya minti goma sha biyar, kai ka kasa aje taka. Wanzami ba ya son jarfa."

Malam Garbai ya ci gaba da zuba ruwa a kunya ɗaya har ta cika ta ɓalle.

Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana uku tafiya, aka fito da tebur kamar kullum. Biba ce ta kai wa Hamidu saƙon ubansa cewa ya zo, ita ce kuma ta tsaya a zaure ta ga abin da ya biyo baya. Hamidu ya zo ya tsaya bayan ƙyaure da dosiyensa. Malam Garbai ya riƙe takarda a hannu, suna ɗaya ne a kanta. Mutumin da ya kira dubban sunaye ba gargada ya buɗe baki ya rufe, ya gyara hula, ya sake buɗewa. A cikin gida Yabawa, uwar Hamidu, ta tsayar da taɓarya.

"Hamidu Garbai."

Da muryar aiki ya faɗe shi. Hamidu ya ƙwanƙwasa, ya shigo da takalminsa. Mushe Burahima ya matsa gefe, uban ya zauna a kujerar tsakiya.

"Me ka taɓa yi da hannunka?"

Hamidu yana kallon tebur ya ce, "Mun taɓa gyara famfon rijiya a Alakoss."

"Ku nawa?"

Can ya ce, "Ni kaɗai ne, Baba."

"A nan ba Baba. Ɗago ka gaya mini."

Ya ɗago. Ya faɗi yadda famfon da ke aiki da hasken rana ya mutu a tsakiyar rani, dabbobi kwana huɗu a bakin rijiya, mai gyara ya ce sai an sauya injin gaba ɗaya. Ya faɗi yadda ya bi waya ɗaya bayan ɗaya tun safe, ya gano wadda ta ƙone a cikin akwati, ya sauya ta, ruwa ya zo kafin azahar. Malam Garbai ya san labarin. Shekara biyu da suka wuce makiyaya suka ba shi a kasuwa, ya dawo gida da daɗinsa a ciki bai gaya wa kowa ba. Amma bai taɓa jin sa daga bakin mai shi ba. Shekara ashirin da tara yana marmarin ya kalli fuskar nan sosai, sai yau ya ga ashe idon yaron irin na kakar da ta rene shi ne, wadda ke kwance a maƙabartar Gamu.

Ya yi wata tambayar, ya sake yin wata. Wasu ma ba kamfanin da zai yi su. Mushe Burahima, wanda bai taɓa ƙara wa kowa minti ɗaya ba, ya kife agogonsa a kan tebur. Biba ta ce an kusa minti arba'in kafin Malam Garbai ya ce, "An gama. Kana iya tafiya."

Hamidu ya fita ta ƙyaure, ya zagayo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da ubansa ido a ƙasa. Uban ya amsa yana kallon gefe, kamar kullum.

An ɗauki Hamidu. An tura shi can gabas mai nisa, cikin sahara, inda sai sau biyu a shekara yake samun zuwa gida. Malam Garbai ya san haka za a yi tun kafin ya kira sunan, don ya fi kowa sanin inda masu bi ta ƙyaurensa ke ƙarewa: Yamai, Damagaram, Agadas, ko'ina ban da Gure. Yana gyara su ne don su tafi, kuma yana kewarsu, bai ɓoye ba. Da sallah wasu kan zo su durƙusa su gaishe shi, ya yi ta tambayarsu ko an fara kiran ƴan gida ganawa, ko har yanzu suna ɗaga ido.

Yanzu ga teburin zai koma hannun Mushe Burahima, shi ma ba yaro ba ne. Ku da kuka taɓa shiga ɗakunan nan kuka fito da aiki, ku da kuka taɓa zama a kujerar masu tambaya, ko kuka tsaya a bakin ƙofa kuka ji abin da ake cewa, kada ku tafi da shi kabari. In kun zo hutu ku zauna a kujera ta uku ko da wuni ɗaya ne, ku gaya wa na baya abin da ake nema a ciki.

Kai kuma, Malam Garbai, mun gode. Allah ya saka, ya sassauta gwiwa, ya sa dabinon nan su yi abin kirki kana gani. Mun san abin da ka bayar ranar Alhamis ɗin nan, mun kuma san abin da ya rage maka. Duk Jumma'a bayan an sauko masallaci Hamidu kan kira salular Biba, ita kuma ta zo gida ta buɗe murya a tsakar gida. Kai kana gefe, ka ba su baya, kana gyaran igiyar guga da ba abin da ya same ta. Ba ka sake kiran sunan ba. Iyakarka ka ce, "Ki tambayi ɗan Gamu ko ana ba su abinci." In ya amsa, ya shiga labarin injuna da Biba ba ta gane komai a ciki, ta ce to za ta kashe, sai ka ce, ba ka juyo ba, "Bar shi ya ƙarasa."