Cindo Ma'auni da Hatsin Zakka

Cindo ma'aunin hatsi ne a kasuwar Ɗanzomo, kamar yadda ubansa ya kasance. Gajere ne, mai sanyin murya, ba ya shiga abin da ba a sa shi ba. Mata sun fi son awonsa, don ba ya cusa babban yatsa cikin mudu ya rage musu. Ban da wannan, ba wani abin da za a faɗa a kansa, har shekarar da ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi.

Kafin bazara rumbuna sun ƙare. Mutane suka koma cin ganyen tafasa da 'ya'yan hanza, wasu har tonon gidan tururuwa suke yi don neman ƙwayar hatsi. Magidanta suka yi kudu neman abin da za su aiko gida, aka bar mata da tsofaffi da yara.

Sai umarni ya zo a buɗe rumbunan zakka. Aka turo wani dattijo, Malam Hussaini, ya tsaya kan rabon, shi kuma ya ɗauki Cindo ya riƙa awo. Ƙa'idar da ya zo da ita ɗaya ce: maigida ya zo da kansa, mai unguwa ya shaida shi, a auna masa. An yi ta ne saboda a wani rabo na baya, gida ɗaya ya riƙa turo mutum uku.

Ranar farko A'i matar Ya'u mai haƙar rijiya ta zo da ƙwarya.

"Ina maigidan?" in ji Malam Hussaini.

"Ya yi wata biyu da tafiya, Malam. Ni ce da uwarsa da yara huɗu."

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ba ni na kafa ba."

Ta kifa ƙwaryar a ka ta juya. Bayanta Mairo ta zo, Bafillatana daga rugar gabas, wadda shanunsu suka mutu saura biyu. Mijinta na nan kwance, amma ba ya iya tashi, kuma ruga ba ta da mai unguwa. Ita ma aka mayar da ita.

Kwana uku Cindo yana awo, yana kallon masu juyawa sun fi masu karɓa yawa. Ya koma gida ya kasa cin abin da matarsa Larai ta ajiye masa. A rana ta huɗu, da aka watse, ya durƙusa gaban Malam Hussaini.

"Allah ya gafarta Malam, ina da magana, in an yarda."

"Faɗi, Cindo."

"Ko rabin rumbu ba a raba ba, gari kuwa ya fi rabi bai samu ba. Wanda yake da maigida a gida, ai da sauran ƙarfinsa. Waɗanda muke korar nan su ne yunwar ta fi kamawa."

Dattijon ya daɗe yana jan carbi. "Na gani tun ranar farko," ya ce. "Amma in na sake ƙa'ida da kaina, gobe a ce na ci amana. Shirya, da asuba za mu Gumel. Kai ka ga abin da idonka."

Cindo bai taɓa tsayawa gaban manya ba. Duk hanya yana bin jakin Malam a ƙasa, yana tunanin bulala, yana da-na-sanin buɗe baki. A Gumel ya kwana biyu a zauren fada. Da aka kira shi, tambaya ɗaya aka yi masa: gida nawa aka mayar? Ya lissafo su da sunan matan, unguwa unguwa, har ruga. Aka ce ya fita.

Da la'asar Malam Hussaini ya fito yana gyara rawani.

"An sake ƙa'ida," ya ce. "Duk inda ake ɗora tukunya gida ne, ko mace ce a kai. Maƙwabta biyu su shaida, a ruga kuma arɗo. Awo kuma gwargwadon bakin da ke ci."

Cindo ya zauna a ƙasa. Sai a lokacin ya ji yunwa, ya ci ɗan ƙanzon da Larai ta ƙulle masa.

Sun tarar uwar Ya'u ta rasu ranar da suka tafi. Amma yaran A'i huɗu sun ga damina, haka mijin Mairo ya miƙe. Labari ya zo cewa a Maigatari da Gagarawa ma an koma rabo a kan sabuwar ƙa'idar. Hatsin bai wadata ba, sai dai ya riƙe mutane har damina ta yi nisa aka yi tumu.

Cindo ya koma rumfarsa a kasuwa, ya ƙara shekara goma sha biyu yana awo. In aka tayar da zancen, yakan ce shi dai ya san gwiwarsa ta yi ta karkarwa tun daga Ɗanzomo har Gumel, sannan ya tambayi mai saye mudu nawa za a zuba.